Allon Kwamfuta da Koyar da Lissafi a Firamare: Abin da Ya Kamata Mu Sani Kafin Mu Kashe Kuɗi

 A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani kayan koyarwa da ake yawan maganarsa, wato allon da ke aiki da kwamfuta. Wasu makarantun kuɗi a manyan birane suna sa hotonsa a takardun tallarsu, kuma maganar ta fara isowa kwamitocin makarantunmu na ƙauye. Iyaye suna tambaya: in muka haɗa kuɗi muka sayi irin wannan allo, yaranmu za su iya lissafi?

Tambayar tana kan hanya, domin matsalar lissafi babba ce. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya ne kawai cikin huɗu ya iya lissafin tushe, irin wanda ake sa ran yaro ya iya a ƙananan azuzuwan firamare. Yaron da bai iya ɗebewa ba, in ya girma za a cuce shi a awo, a cuce shi a canji, a cuce shi a bashin taki. Saboda haka ya kamata mu fahimci wannan allo sosai, mu san abin da yake iya yi da abin da yake bukata, kafin dattawa ko zumuntar mata ko kwamitin makaranta su sa hannu a asusu.

Mene ne allon kwamfuta?

Allo ne babba da ake kafawa a gaban aji, a haɗa shi da kwamfuta. Duk abin da ke cikin kwamfutar yana fitowa a kansa. Bambancinsa da talabijin shi ne yana jin taɓawa. Malami ko ɗalibi zai iya rubutu a kansa da yatsa ko da wani alƙalami marar tawada, ya ja hoto daga wannan gefe zuwa wancan, ya ƙara masa girma, ya juya shi, ya share. Ana kuma iya ajiye aikin yau a buɗe shi gobe yadda aka bar shi.

Iri biyu ne. Na farko farin allo ne da majigi ke haska hoto a kansa. Na biyu kamar ƙatuwar talabijin yake, ba ya bukatar majigi, amma ya fi tsada. A yawancinsu akwai wani haske da ido ba ya gani yana ratsa fuskar allon daga gefuna. In yatsa ya tare hasken, kwamfuta ta san daidai inda aka taɓa.

Kamfanin SMART Technologies na birnin Kalgari a ƙasar Kanada ne ya fitar da allonsa na farko a 1991. Daga baya wasu kamfanoni suka shigo, kamar Promethean na Ingila. Abin ya fi shekara talatin a duniya ke nan, kuma an gwada shi a makarantu masu yawa. Muna da abin da za mu koya daga waɗanda suka riga mu.

Yadda ake koyar da lissafi da shi

Wahalar lissafi ga ƙaramin yaro ita ce lamba ba ta da jiki. Yaro ya san akuya uku, ya san mangwaro uku, amma alamar 3 a kan allo zane ne kawai har sai an haɗa masa ita da abin da yake gani. Amfanin allon kwamfuta shi ne yana ba lamba siffa, ya bar yaro ya motsa ta da hannunsa. Ga misalai huɗu.

Na farko, ɗebewa mai aro. A ce an ba yaro 52 a ɗebe 27. Yara da yawa sukan rubuta 35, domin sun ga ba za a cire 7 daga 2 ba, sai su juya su cire 2 daga 7. A kan allon, malami yakan fito da dami biyar na sanduna goma-goma da sanduna biyu a gefe. Yaro ya taɓa dami ɗaya, ya warware ya zama sanduna goma. Yanzu akwai dami huɗu da sanduna goma sha biyu. Ya janye bakwai, saura biyar. Ya janye dami biyu, saura biyu. Amsa 25. Yaron ya ga da idonsa cewa abin da ake kira aro kwance dami ne, kuma babu abin da ya ƙaru ko ya ragu sa'ad da aka kwance shi.

Na biyu, layin lamba. A ce 38 a tara da 25. Malami ya shimfiɗa layi mai lambobi, yaro ya sa alama a kan 38, ya yi tsalle goma zuwa 48, wani goma zuwa 58, biyu zuwa 60, uku zuwa 63. Allon yana zana kowane tsalle. Wannan ita ce hanyar da mai awo a kasuwa yake bi a kansa, sai dai a nan an fito da ita fili kowa ya gani.

Na uku, ninkawa. A zana kunya huɗu, kowace da rami shida. Yara su ƙirga, 24. Sai malami ya juya hoton, ya zama layi shida mai huɗu-huɗu. Har yanzu 24. Daga nan yaro ya gane cewa 4 sau 6 da 6 sau 4 abu ɗaya ne, haddar da zai yi ta ragu kusan rabi.

Na huɗu, rabi da kwata. Yara da yawa suna ɗauka kwata ta fi rabi, tun da 4 ya fi 2. A kan allon ana raba da'ira biyu, a raba wata huɗu, yaro ya ɗauko yanka ɗaya daga ta biyun ya ɗora a kan rabin. Zai ga sai ya sa yanka biyu kafin ya rufe shi.

Akwai manhajoji na kyauta da ake irin wannan aiki da su. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 2000, tana da kyau wajen siffofi da awo. PhET, wadda Jami'ar Kolorado ta Amurka ta fara a 2002, tana da wasannin ƙirga da rabe-rabe. Dukansu ana iya sauke su a kwamfuta a yi aiki da su ba tare da intanet ba.

Ku lura da abu ɗaya cikin misalan nan huɗu. A kowane, yaro ne ya sa hannu ya motsa abu, malami kuma ya tambaye shi dalili. In malami ne kaɗai ke taɓa allon, yara suna zaune suna kallo, an sayi majigi mai tsada ke nan.

Abin da aka gani a inda aka gwada

Ingila tana cikin ƙasashen da suka fi zuba kuɗi a wannan allo. Masu bincike na Jami'ar Niyukasil sun bi makarantun firamare da aka ba allon daga 2002 zuwa 2004, suka fitar da rahoto a 2005. Malamai da ɗalibai sun so shi ƙwarai. A shekara ta farko sakamakon jarrabawar lissafi ya ɗan ɗaga kaɗan. A shekara ta biyu bambancin ya ɓace tsakanin makarantun da ke da allon da waɗanda ba su da shi. Sun kuma lura cewa darasi ya ƙara sauri, amma lokacin da yara ke aiki rukuni-rukuni ya ragu.

Wani rahoto na 2007 daga wata jami'a a Mancesta ya duba shirin da gwamnatin Ingila ta kashe wa fam miliyan 10 a 2003 zuwa 2004. Wannan ya ga ci gaba a lissafi, amma a azuzuwan da aka daɗe ana aiki da allon har malami ya saba da shi, wajen shekara biyu. Yaran da suke baya tun farko su ne suka fi ƙarancin amfana. Wannan ya shafe mu, domin yaran da suke baya su ne damuwarmu.

A nan gida Nijeriya, a 2007 an raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima da ke kusa da Abuja ƙananan kwamfutoci, a gwajin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. An yi murna, 'yan jarida suka zo daga ƙasashen waje. Amma matsalar wuta da lalacewar na'urori sun dami shirin, bai kuma yaɗu zuwa sauran makarantun ƙasar ba.

Akwai inda na'ura ta yi amfani sosai. A ƙasar Malawi, a wata makarantar firamare a Lilongwe, an ba yara ƙananan kwamfutocin hannu masu darasin lissafi na ƙungiyar onebillion cikin harshensu na Ciciwa, minti 30 kowace rana har mako takwas. Binciken da wata malama ta Jami'ar Notingam ta wallafa a 2015 ya nuna sun wuce takwarorinsu da suka yi darasin da aka saba. A can kowane yaro yana taɓawa da hannunsa, yana tafiya daidai ƙarfinsa, ana yi masa magana da harshen da yake ji.

Hukumar UNESCO, a rahotonta na ilimi na 2023, ta ja kunnen ƙasashe cewa ƙwararan hujjoji a kan amfanin na'urori a aji ba su da yawa, kuma da dama daga cikin hujjojin da ake kawowa daga wurin masu sayar da kayan suke fitowa. Mai talla ba ya kushe hajarsa.

Abin da allon yake bukata a ƙauye

Wuta. Majigi mai fitila yakan ci wat 200 zuwa 300, kwamfutar cinya kuma wajen 50. A ce duka 300. In za a yi aiki awa huɗu a rana, 300 sau 4 ya zama 1,200. Farantin sola mai wat 300 a takarda zai ba da wajen 1,500 a yini mai rana sosai, amma wani kashi yana zurarewa a waya da batir da zafi, ga kuma ranakun hadari da hazo. Don haka sai an yi lissafin faranti biyu, da batir, da inbata. Batir kuma yana mutuwa bayan 'yan shekaru, sai an sake saye. In janareta ne, kuɗin mai kullum ne.

Ƙura da zafi. Majigi yana zuƙar iska don ya huce. A lokacin hunturu ƙura tana toshe matacinsa, ya yi zafi ya mutu in ba ana share shi a kai a kai ba. Fitilarsa ma tana da iyakar awoyin da take yi.

Ɗaki. Sai aji mai rufi marar yoyo, da ƙofa da tagogi masu kulle, da labule don hasken rana kada ya dushe hoton. Makarantar da yaranta ke zama a ƙasa ƙarƙashin kwanon da iska ta yaye, gyaran rufin da sayen benci su ne a gaba.

Gyara. In ya lalace, wa zai duba shi? Daga Kahu ko Tarai ko Rurum, sai an ɗauke shi zuwa Kano ko a biya mai gyara ya zo. Kayan kyauta da yawa sun ƙare a sito saboda wata 'yar waya da ba a samu ba.

Yawan yara. A ce aji yana da yara 60, darasi minti 40. In kowane yaro zai yi minti biyu a gaban allo, 20 ne kawai za su samu, ko da malami bai ce uffan ba. Sauran 40 kallo za su yi.

Harshe. Yawancin darussan da ke zuwa da allon da Turanci suke, da hotunan kuɗi da abinci na wasu ƙasashe. Sai malami ya zauna ya shirya nasa da Hausa, da naira, da tiya da buhu. Wannan yana cin lokaci, yana kuma bukatar horo na gaske. Horon yini ɗaya da mai sayarwa ke bayarwa na kunnawa da kashewa ne kawai.

Abin da za mu iya yi da abin da ke hannunmu

In kun sake duba misalan nan huɗu, za ku ga babu ko ɗaya da ba za a iya yi ba tare da wuta ba. Allon kwamfuta yana zana hoton dami ne. Mu kuwa muna da damin kansa.

Bayan girbi, karan dawa da tsinken tsintsiya ba su da kuɗi. A yanka su tsawon ɗan yatsa, a ɗaure goma-goma da zare ko roba. Kowane yaro ya zo da ɗari a 'yar jaka. In an ce 52 a ɗebe 27, yara sittin za su kwance daminsu a lokaci ɗaya, kowa da hannunsa. A wannan wajen kara ya fi allon, domin babu mai jiran layi.

Layin lamba kuwa, a ja shi da gawayi ko toka a filin makaranta, yara su yi tsallen da ƙafarsu. Ko a ɗaure igiya daga taga zuwa taga, a rataya kwalaye masu lamba. Don ninkawa, ramukan dara sun isa: layi biyar mai shida-shida, rami 30. Yaro ya tsaya ta wannan gefe ya ƙirga, ya zaga ta wancan ya sake ƙirgawa. Marafen kwalba da 'ya'yan tsamiya da tsakuwa duk suna yin wannan aiki. Don rabi da kwata, a yanka kwali da'ira-da'ira a ninke. Don kuɗi, a yi 'yar kasuwa a aji da takardun da aka rubuta 50, 100, 200, 500. Mai saye ya miƙa 500 a kan kayan 350, mai sayarwa ya ba da canji, sauran yara su ce ko daidai ne.

Kada wani ya raina wannan hanya ya ce ta talaka ce. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina wata hanyar koyarwa a kan irin waɗannan kaya. Ana gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya, a raba yara rukuni bisa ga abin da suka iya maimakon ajin da suke, a koya musu da sanduna da dami da wasanni. An auna wannan hanya sau da yawa a Indiya an ga tana ɗaga yaran da suke baya. A nan jiharmu ma an kawo ta. A 2019 aka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, don yaran aji huɗu zuwa shida, da haɗin gwiwar hukumar SUBEB ta Kano da British Council da TaRL Africa da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Malaminku zai iya tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a Kibiya ko Rano, ko akwai horo irin wannan da zai shiga.

Wayar hannu ma tana da nata amfani, musamman ga malami. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wata taska ta darussa kyauta, wasu daga cikinsu da Hausa. Malami zai iya kallon yadda ake gabatar da darasi da dare, ya zo da safe ya yi shi da alli da kara.

Tambayoyi kafin a saya ko a karɓi kyauta

Ba muna cewa kada a taɓa sayen allon kwamfuta ba. Makarantar da ke da wuta tsayayya da ɗaki mai kyau da malamin da ya ƙware za ta ci moriyarsa. Amma ko saye za a yi, ko wani ɗan gari ko wata ƙungiya ce ta yi alkawarin kyauta, kwamiti ya zauna ya amsa waɗannan:

1. Wace matsala muke so ya warware? Mun gwada yaranmu mun san nawa ne ba su iya ɗebewa ba?

2. Nawa ne kuɗinsa duka na shekara biyar, har da sola da batir da fitila da gyara da mai gadi? Wa zai biya bayan mai kyauta ya tafi?

3. Malamai nawa za a horar, na kwana nawa, kuma wa zai dawo ya duba su? A horar da aƙalla biyu, domin in ɗaya ya bar aiki kada allon ya zama ado.

4. Akwai darussa da Hausa da suka dace da manhajar firamare ta ƙasa?

5. In aka kashe wannan kuɗi a kan littattafai, ko benci, ko ƙarin malami, ko biyan malaman da ke akwai a kan lokaci, wanne ne zai fi taimakon yara?

6. Bayan zango biyu, ta yaya za mu san ko ya yi amfani? A yi wa yara gwaji kafin a kafa shi, a ajiye takardun, a sake irinsa daga baya.

In mai kyauta ya yarda a yi shawara, ana iya roƙonsa ya raba kuɗin: wani kashi a kan horon malamai, wani a kan wutar sola da za ta yi caji da haske, saura a kan kayan aiki. Kwamfuta ɗaya da ƙaramin majigi da farin bango suna nuna hoto ga dukan aji a kan kuɗi kaɗan, yara kuma su yi aikin hannu da karansu a kan benci.

Aikin iyaye a gida

Ba sai kun yi boko ba kafin ku taimaka. Uwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli tana lissafi tun safe har dare. Ku sa yaro ya ƙirga tiya sa'ad da ake awon hatsi, ya faɗi nawa suka rage a cika buhu. Ku aike shi da kuɗi, ya faɗi canjin tun kafin ya fita. In ya ba da amsa, daidai ko kuskure, ku ce ya nuna muku yadda ya yi. 'Yan mata su samu wannan dama daidai da 'yan maza.

Ga gwaji mai sauƙi da za ku yi a wannan mako. Ku ba yaronku na aji uku ko huɗu wannan: 52 a ɗebe 27. In ya ce 25, ku yaba masa, ku ƙara masa mai wuya. In ya ce 35, kada ku doke shi, kun dai gano inda ya tsaya. Ku samo kara ku ɗaure goma-goma, ku zauna tare ku kwance dami ɗaya. Sa'an nan ku je ku gaya wa malaminsa abin da kuka gani, a kuma kawo maganar a taron iyaye da malamai na gaba, domin a san yara nawa ne suke bukatar irin wannan taimako kafin a yanke shawarar abin da za a saya.